Masu zama kusa da ƙaramin filin jirgi da masu tuƙi: kowa ya faɗi nasa

Maƙwabciyar Shinge

Assalamu alaikum jama'a. Gidanmu yana bayan shingen wani ƙaramin filin jirgin sama, irin wanda jirgin fasinja ba ya sauka, sai ƙananan jirage masu farfela ɗaya da makarantar koyon tuƙi. An kira taro tsakanin mazauna da masu kula da filin a kan batun ƙara, kuma ba na so in je in yi ta ɗaga murya a kan abin da ban gane ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maimaici. Jirgi ɗaya zai tashi, ya zagayo, ya sauko kamar zai tsaya, tayoyinsa na taɓa ƙasa sai ya sake ɗagawa. Haka zai yi ta yi har awa guda. Don Allah duk wanda ke zaune kusa da irin wannan fili, ko yake tuƙi daga cikinsa, ya ba mu labarin yadda abin yake a wajensa.

Malamin Tuƙi

Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda kike gani yana zagaye ɗalibi ne, irina kuma yana zaune a gefensa. Tashi da jirgi ba wuya, kusan kowa yana iyawa da wuri. Sauka ce ke ba ɗalibi wahala, kuma ba ta shiga jiki sai an yi ta maimaitawa. Idan muka tsaya cak bayan kowace sauka muka koma farkon titi, rabin darasin zai ƙare a ƙasa, shi ya sa muke taɓawa mu tashi. Zagaye ɗaya yana cin minti biyar zuwa shida, a tsayin ƙafa 1,000 daga ƙasa, kuma bisa ƙa'ida hagu ake juyawa, domin matuƙi a kujerar hagu yake zama, ta nan yake ganin titi sosai. Mafi ƙarancin awannin da ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta yanka wa mai neman lasisin farko 40 ne, a Turai 45, kuma yawancin ɗalibai sukan wuce haka. Kaso mai yawa na awannin nan a kan rufinku ake yin su, wannan ba zan ɓoye miki ba.

Za ki kuma lura wasu ranakun shiru kake ji, wasu kuma kamar da gayya ake bi ta kanku. Iska ce ke yanke wannan hukunci. Jirgi yana fuskantar iska ne wajen tashi da wajen sauka, saboda haka idan ta juya, mu ma sai mu koma ɗaya ƙarshen titin. Ranar da muke tashi ta wajenku inji yana kan cikakken ƙarfinsa. Ranar da muke sauka ta wajenku an rage masa wuta, da ƙyar za ki ji mu.

Mai Aikin Dare

Malam, bayaninka ya fito, amma bai sa ni barci ba. Ni da safe nake dawowa daga aiki, daidai lokacin da kuke farawa. Na gwada abin toshe kunne, na gwada barin fanka a kunne, na koma ɗakin baya. Motar da ta wuce ta wuce ke nan, amma jirginku na san zai dawo bayan minti shida, sai in kwanta ina jiransa. Jiran nan ya fi ƙarar gajiyar da ni. Kuma duk lokacin da muka yi magana amsa ɗaya ce: filin ya riga ku zuwa. To mun ji, sai kuma me?

Malamin Tuƙi

Allah ya ba ka haƙuri ɗan'uwa. Safiya muke so saboda iska ba ta fara tashi ba kuma gari da sanyi. Idan rana ta take, iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fukafukai su rage ɗauka, jirgi ya ci titi mai yawa kafin ya ɗaga, ga girgiza da ke rikita sabon ɗalibi. Dalilin ke nan, ban kawo shi don in rufe maka baki ba.

Dattijon Unguwa

Yarana, bari in sa baki a kan maganar wa ya riga wa. Lokacin da na gina gidana, daga nan har shinge babu rufi ko ɗaya, kuma kowa ya san da filin. Don haka masu cewa filin ya riga mu suna da gaskiya. Sai dai filin da na tarar, jirgi biyu ko uku ne ke tashi a yini, har mukan fito kallo. Daga baya makaranta ta buɗe, ta ƙaro jirage, ta ƙaro ɗalibai, babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce ga abin da ke tafe. Titin shi ne dai na da, amma aikin da ake yi a kansa ya ninka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk da haka idan aka tambaye ni a rufe ko a bari, ni a bari zan ce, domin na san abin da zai maye gurbinsa: dogayen benaye da cunkoson motoci dare da rana. Jiragen nan aƙalla suna kwana.

Ma'aikaciyar Jinya

Baba ya yi gaskiya, amma ba kullum suke kwana ba, kuma ina cikin masu godiya da hakan. Na taɓa raka majinyacin da ya yi mummunan haɗari, asibitinmu ba shi da kayan aikin da zai karɓe shi, hanyar mota kuma ta yi nisan da ba zai jure ba. Da tsakar dare muka isa filin, duhu ko'ina, babu hasumiyar masu ba jirage umarni, babu ma'aikaci sai mai gadi. Ina cikin tunanin ta yaya jirgi zai sauka a nan, sai kawai fitilun titi suka kama gaba ɗaya. Daga baya matuƙin ya gaya mini shi ya kunna su daga sama, ta hanyar danna maɓallin rediyonsa sau bakwai a jere. Na san a daren nan mun tashi mutane daga barci, wataƙila wasu sun yi tsaki. Ba su san abin da ke cikin jirgin ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu.

Uwar Yara Uku

Ni ƙara ba ta dame ni ba, ƙaramin ɗana ma da ya ji jirgi sai ya ruga taga. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na ji an ce man ƙananan jiragen nan yana da dalma. Na ɗauka an daina sa dalma a mai tuntuni. Akwai wanda ya san gaskiyar maganar?

Makaniken Jirgi

Hajiya, maganar gaskiya ce, kuma da hannuna nake zuba man. Sunansa 100LL, launinsa shuɗi, kuma akwai dalma a ciki. A man mota an daina: Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe, a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa an rufe wannan babi. Amma injinan ƙananan jirage da yawa tsohon ƙira ne, wasunsu suna buƙatar dalmar don kada mai ya fashe a cikin inji kafin lokacinsa ya lalata fistin. Ki duba Cessna 172, jirgin da makarantu suka fi amfani da shi: tun 1956 ake sayar da shi, an ƙera sama da 44,000, kuma tsofaffin suna nan suna tashi. Jiragen da ke shan man da ya yi kama da kananzir, wato jet da masu farfela da ke da inji irin na jet, babu dalma a nasu.

A Amurka hukumar kare muhalli ta yanke a 2023 cewa hayaƙin dalmar nan haɗari ne ga lafiyar jama'a, kuma hukumar jiragensu ta sa 2030 a matsayin shekarar da take so a rabu da shi. Wani ƙaramin fili a Kalifoniya, Reid-Hillview, ya daina sayar da mai mai dalma tun farkon 2022. Akwai man jirgi marar dalma, kuma injinan horo da dama za su iya shansa, matsalar ita ce ba kowane fili ke kawo shi ba. Da ni ne ke da yara kusa da ƙarshen titi, zan tambayi masu filin wane mai suke sayarwa da kuma yaushe za su kawo marar dalma. Idan hankalinki bai kwanta ba, gwajin jini yana nuna yawan dalma a jikin yaro. Ni kaina safar hannu nake sawa, kuma ba na shiga gida da kayan aiki.

Ɗalibar Tuƙi

Ina jin kunyar shigowa, don wataƙila ni ce mai zagayen. Amma ina so ku ga abin ta idona. Darasin da ake nanata mana shi ne, idan inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, kada ka yi yunƙurin juyawa ka koma titi, domin juyin nan ya hallaka matuƙa da yawa. Ka sauke hanci ka nemi fili a gabanka. A filin da nake koyo, gaban titin a da gona ce. Yanzu rabinta gidaje ne, kuma an fara haƙa harsashi a sauran. Duk tashin da zan yi idona yana kan ɗan abin da ya rage, ina lissafin ko zan kai. Ku kuna tsoron jirgi ya faɗo muku, mu ma muna tsoron mu rasa inda za mu ajiye shi ba tare da mun taɓa kowa ba. Waɗanda suka ba da izinin gini a wurin ba sa zama a ƙarƙashinsa, ba sa kuma tashi ta kansa.

Sai roƙo biyu. Juji kusa da fili yana tara tsuntsaye, tsuntsu kuma yana iya fasa gilashin gaba. Shi ya sa ICAO ke so a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga fili. Na biyu, fitilar lesa. An taɓa haska mana ita da dare muna gab da sauka, gilashin gaba ɗaya ya koma kore, malamina ya karɓi tuƙi. Na tabbata yaro ne yake wasa.

Mai Ƙaramin Jirgi

Mu abin da ke ranmu kullum shi ne rufewa, don filin da aka rufe ba ya dawowa. Matuƙa har yau suna ba da labarin filin jirgin Meigs Field a Shikago ta Amurka: a watan Maris na 2003 magajin gari Richard Daley ya tura katafila cikin dare ta yi wa titin manyan alamun X, gari ya waye jirage suna ajiye babu hanyar tashi. Na Santa Monica a Kalifoniya kuma an rage tsawon titinsa a 2017, an amince a rufe shi ƙarshen 2028. Shi ya sa da mun ji an kira taro sai mu zo da shirin faɗa, mu ɗauki kowane ƙorafi a matsayin matakin farko na korarmu. Wannan hali namu ba ya taimakon kowa.

Tsohuwar Wakiliyar Mazauna

'Yar'uwa mai tambaya, na zauna a irin taron nan a madadin unguwarmu, ga abin da na gani. Duk wanda ya tashi ya ce a rufe fili, daga nan aka daina sauraronsa. Abin da muka samu, mun same shi ne da muka raba abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Iska ba ta hannunsu, tashi da cikakken ƙarfi ma ba sa wasa da shi. Amma sun yarda su daina taɓa-ka-tashi da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, sun yarda su miƙe su yi sama sosai kafin su juya ta kan gidaje, kuma sun ba mu lambar waya da mutum ke ɗauka. Lambar nan ta rage fushi fiye da komai, don in ka kira aka ce maka yau iska ta juya, gobe za ta koma, sai ka ji an ɗauke ka mutum.

Abu ɗaya ya kwaɓe. Mun matsa aka mayar da zagayen ta dama don ya bar kanmu, ashe mun tura shi kan wata unguwa da ba a gayyata taron ba. Ba a daɗe ba su ma suka zo da nasu wakilan, aka koma raba ranaku. Sannan yarjejeniyar ta son rai ce, baƙon matuƙi da ya zo daga wani wuri sau da yawa bai ma san da ita ba, sai da muka nemi a rubuta ta a cikin bayanan filin da matuƙa ke karantawa kafin su taso.

Mai Aikin Dare

Hana zagayen sassafe zai taimaka mini, amma akwai wata ƙarar. Kafin su tashi sukan tsaya a gefen shinge su yi ta taka wa inji wuta jirgin bai motsa ba. Daidai bayan tagata ake yi. Shi kuma na mene ne?

Makaniken Jirgi

Gwaji ne, ɗan'uwa, kuma ba a tsallake shi. Injin yana da na'urar tartsatsi guda biyu, kowace da nata fulogogi, don in ɗaya ta mutu a sama ɗayar ta riƙe. Matuƙi yakan ɗaga juyin inji zuwa wajen 1,700 ko 1,800 a minti, ya kashe ɗaya ya saurara, ya kashe ɗayar ya saurara. Bai kamata ya wuce minti ɗaya ko biyu ba, sai dai ɗalibi yana bin takarda layi-layi yakan ja shi. Ba za a daina ba, amma wurin da ake yi ba dole ne ya zama bayan tagarka ba. A filin da nake aiki an matsar da shi can tsakiya, inda rumbun jirage ke tare ƙarar, kuma fenti kawai aka kashe aka zana sabon layi. Ka je taron da kanka, ka nuna musu tagar a kan taswira, ka nemi a matsar.