Kowa ya ci ladan kuturu: wa ya ci, wa ake bi aski?

Ɗan Wanzam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo yau kowa ya san ta: "Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski." Jiya a majalisarmu ta bayan la'asar aka ɗauko zancen kuɗin da sanatoci ke karɓa, wani dattijo ya jefo ta, wani kuma ya ce sam ba ta zauna a wurin ba. Har aka kira magariba ba a daidaita ba.

Ni a gidan wanzamai na tashi, don haka maganar ba a takarda na fara saninta ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wani bawan Allah mai wannan lalura da ke zuwa wurinsa duk ranar kasuwa. Sauran wanzamai sai su sunkuyar da kai kamar ba su gan shi ba. Baba kuwa zai buɗe zabira, ya jiƙa masa kai da ruwa, ya wasa aska a jikin fata, ya yi masa aski tas har ƙeya, kuma bai taɓa tura yaro ya yi a madadinsa ba. Abin da yake gaya mana shi ne, in ka san ba za ka iya ba, kada ka miƙa hannu tun farko.

To ga tambayata. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya faɗa wa BBC Hausa cewa albashinsa bai wuce kusan naira miliyan ɗaya ba, amma duk wata ana ba kowane sanata miliyan 21 na tafiyar da ofis. Wata guda kafin nan aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ku raba ku gani: kuɗin ofis na wata ɗaya ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 300, wato shekara 25. Wannan lada ne ko ba lada ba? In lada ne, ina askin?

Malam Na Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi aikin mutanen kirki. Ina so a lura da kalma ɗaya: ba a ce "ya karɓi" lada ba, an ce "ya ci". Abin da ka karɓa kana iya mayarwa ka ce na fasa. Abin da ka ci ya riga ya wuce maƙogwaro, babu sauran hanyar fita sai aikin. A nan ƙarfin maganar yake. Don haka ta zauna daram a kan ɗan majalisa. Ya yi rantsuwa, ya hau mota, ya karɓi kuɗin kayan ɗaki, ya ci. Zaman majalisa, karanta kasafin kuɗi layi-layi, titsiye minista a kan aikin da ba a yi ba, komawa mazaɓa a saurari zagi, duk askin ke nan, ko da daɗi ko babu.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya gafarta Malam, ni fa akwai inda ta tsaya min a wuya. In ɗan majalisa ne wanzami, mu talakawa ne kutaren ke nan? Ban ji daɗin wannan ba. Kuma su kansu masu lalurar ba abin misali da ƙyama ba ne, cuta ce da ake warkewa, maganinta ma kyauta ake bayarwa.

Malam Na Tsangaya:
Hajiya, kin yi gaskiya a kan masu lalurar. Amma duba maganar da kyau: a cikinta kuturu ne mai gaskiya. Shi ya biya, shi yake bin bashi. Wanda ake yi wa faɗa shi ne wanzamin da ya so kuɗin mutum amma yake ƙyamar jikinsa. Kina ganin akwai kwatancin da ya fi wannan dacewa da wanda ya zauna a tabarmarki lokacin kamfen, bayan zaɓe ya canza lambar waya?

Tsohon Hadimi:
Ku yi haƙuri zan shigo ta wata ƙofar. Na yi shekara huɗu ina aiki tare da wani ɗan majalisar jiha, na ga abin da ido. Kafin a idar da sallar asuba layi ya kai bakin titi. Wannan da takardar asibiti, wancan matarsa ta haihu babu ragon suna, ga mai kuɗin jarrabawa, ga 'yan kwamitin masallaci, ga matasan da suka yi masa ihu ranar kamfen. Ni nake riƙe da ambulan, kuma ranar da ta ƙare da wuri har gida ake biyo ni da zagi. Babu wanda ya taɓa tsayawa a layin nan ya tambayi wane ƙuduri maigida ya kai zaure. Ko mutum ɗaya.

Don haka ni a wurina karin maganar juyawa take yi. Wanda ya karɓi taliya da atamfa da dubu biyu ranar zaɓe, shi ne ya ci ladan kuturu, kuma askin da zai yi shi ne haƙurin shekara huɗu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malama Mai Ritaya:
Ɗana, na karanta maganarka sau biyu kafin in amsa. Layin da ka gani gaskiya ne, ni ma na san shi. Amma ka tambayi kanka me ya kai mutum ƙofar wani da takardar asibiti da asuba? Da asibitin yana da magani, da yana gida yana barci. Kuma wa ke amincewa da kasafin asibitin? Maigidan naka da abokan zamansa. Askin da ba su yi ba ne ya dawo ya yi layi a ƙofarsu.

Ni shekara 35 na yi ina riƙe da alli. Na bar aiki, yau shekara ta huɗu ke nan ina bin kuɗin sallamata. An kira mu tantancewa ya fi a ƙirga. Mu zauna a kan benci da fayil a cinya tun safe, wasu da sanda, wata 'yarta ce ke riƙe da ita. Ƙawata da muka fara aiki rana ɗaya ta rasu bara, nata bai fito ba. Shi kuwa sanata, in ya kammala shekara huɗu, tsarin hukumar rabon arziki ta ƙasa ya tanadar masa kuɗin sallama ninki uku na tsagwaron albashinsa na shekara. Ni na yi askin, ladan ne aka hana ni. Wace karin magana ce tawa?

Hajiya Mai Atamfa:
Taki tana nan, Yaya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allah ya fito miki da haƙƙinki.

Ɗalibin Hausa:
Amin. Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in kawo abin da nake gani shi ne raunin amfani da karin maganar a nan, wataƙila shi ne abin da mutumin majalisar su Ɗan Wanzam yake nufi.

A wurin wanzami, mai kai ne ke ba da lada da hannunsa, ya san nawa ya bayar, ana kuma yin askin a gaban jama'a. A Abuja ba haka abin yake ba. Hukumar rabon arziki ta ce abin da ta yanka wa sanata, albashi da alawus, naira 1,063,860 ne a wata. Kuɗin ofis ɗin nan mai yawa ba ita ta yanka ba, daga kasafin majalisar yake fitowa, kasafin da su da kansu suke amincewa da shi. Wuƙa da nama duk a hannunsu. Shi ya sa ba mu taɓa jin adadin ba sai wani daga cikinsu ya fasa ƙwai. Shehu Sani ne ya fara a 2018, ya ce miliyan 13.5 a wata, lokacin mafi ƙarancin albashi yana 18,000. Kafin shi, a 2010, Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki ya ce kashi 25 cikin 100 na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya majalisa ke cinyewa, suka kira shi, ya je ya tsaya a kan maganarsa. Abin da aka yanka wa kai ba a kiransa lada. Lada wani ke ba ka.

Fansho kuma ya ƙara nisa da karin maganar, don shi neman lada ne bayan an naɗe tabarma. A 2019 majalisar Bayelsa ta amince wa 'ya'yanta fansho na har abada, Gwamna Seriake Dickson ya ƙi sa hannu. A shekarar dai majalisar Zamfara ta soke dokar da ke ba tsofaffin gwamnoni da mataimakansu da tsofaffin shugabannin majalisa kuɗin kula da kai, bayan takardar da Abdulaziz Yari ya rubuta yana neman miliyan 10 na wata-wata ta fito fili. A watan Maris na 2022 aka kawo gyaran tsarin mulki da zai ba shugabannin majalisar tarayya fansho na rai da rai, bai samu ƙuri'un da ake buƙata ba. Duk inda aka ja da baya, sai da maganar ta fito bainar jama'a tukuna.

Ni da za a tambaye ni, wadda ta fi dacewa ita ce "wanzami ba ya son jarfa". An cire tallafin mai a Mayun 2023 aka ce kowa ya ɗaure ciki, kafin shekarar ta ƙare aka sayo wa 'yan majalisa manyan motoci sababbi.

Tsohon Hadimi:
Ƙanena, a yi adalci. A Yulin 2024 'yan majalisar wakilai sun amince a yanke rabin albashinsu na wata shida.

Ɗalibin Hausa:
Sun amince, Yaya, ban musa ba. Amma albashin da aka yanke kusan 600,000 ne, aka bar 300,000. Kuɗin ofis ba a taɓa shi ba, kuma a can nauyin yake.

Malam Na Tsangaya:
Yaro ya yi karatu, Allah ya yi albarka. Sai dai ban yarda karin maganar ta faɗi ba. Ko wanzami ya zura hannu a aljihun kuturu ya ɗiba da kansa, kuɗin na kuturu ne, askin yana nan a wuyansa, an ma ƙara masa da bashin abin da ya ɗiba fiye da ƙima. Duk kwabon da ke cikin miliyan 21 ɗin nan daga dukiyar jama'a ya fito, har da harajin da Hajiya ke biya a kan atamfarta.

Tsohon Hadimi:
Malama, maganarki ta layin asibiti ta tsaya min a rai tun ɗazu, kuma ba ni da amsarta. Abin da zan iya cewa daga abin da na gani shi ne, da ana tilasta wa kowane ɗan majalisa ya manna rasitan kuɗin ofis a allon ofishin mazaɓarsa duk wata uku, da masu gaskiya a cikinsu sun huta da zargi, kuma akwai su. Allah ya sa ki ci kuɗinki da hannunki.

Ɗan Wanzam:
Na gode muku duka. Gobe bayan la'asar zan kai wa dattijon nan bayanin Malam a kan "ci" da "karɓa", in kai wa ɗayan na Ɗalibi. Malama, in kin yarda zan karanta musu naki gaba ɗaya, don akwai tsofaffin malamai biyu a cikinmu da su ma suke zaman bencin nan.