Ɗayanmu ya koma Yamai, da me za mu ci gaba da D&D in ba D&D Beyond ba?

Mai_Shayin_Zariya ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan uwa. Shekara guda ke nan muna buga Dungeons & Dragons (D&D) a fadarmu, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, duk ran Asabar bayan isha'i. Wasan labari ne: mutum ɗaya na jan labari, saura na faɗin abin da jarumansu za su yi, a jefa ƙwaya mai lambobi a ga ko sun dace. Ni ke jan labari, sauran biyar kowa da jaruminsa. Wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya koya mana. Ƙwaya mai fuska 20 guda ɗaya tal gare mu, tana yawo hannu zuwa hannu kamar kofin shayi. Taswira a bayan kwalin sukari nake zana ta, murafen kwalba su ne dodanni.

To ga shi an yi wa ɗayanmu canjin wurin aiki zuwa Yamai, kuma shi ke riƙe da matsafin ƙungiya, in babu shi an gama da mu. Na buɗe D&D Beyond, manhajar haɗa jarumi ta intanet, tunda ita ce ta kamfanin wasan da kansa. Gaskiya ta yi, ita ke yi maka duk lissafin jarumi. Sai dai abin da ke kyauta ƙa'idojin tushe ne, sauran littattafan sai an saya da katin banki, ni kuwa ba ni da shi. Ga ta da Ingilishi, mu kuma Faransanci muka yi a lakkwal. Kwamfuta ɗaya ce a cikinmu, tsohuwa, batirinta bai kai minti 20 in aka ɗauke wuta. Akwai wata hanya?

Injiniya_227 ya amsa:

Wa alaikumus salam. Abu biyu ka haɗa, raba su: takardar jarumi daban, teburin da za ku ga taswira tare daban.

Na tebur, za a ce maka manhajar Foundry VTT, wadda ta fito a 2020. Sau ɗaya ake biya, dalar Amurka 50, wajen jika 30 na sefa ke nan, kuma mai jan labari kaɗai ke saye, saura su shigo ta burauza. Amma a kan kwamfutarka wasan zai zauna, ana ɗauke wuta kowa ya faɗi, na Yamai ma har da shi. Da wannan batirin naka kar ka soma. Roll20 tun 2012 take, tana da ɓangaren kyauta, a kan na'urorinsu take ba taka ba, sai dai don kwamfuta aka gina ta, a waya za ka sha wahalar jan abubuwa da yatsa. Ni Owlbear Rodeo zan ba ka shawara. Ka ɗauki hoton kwalin nan naka, ka ɗora, ka tura wa na Yamai adireshin ɗakin, ya motsa jaruminsa daga wayarsa. Ba ta yi maka lissafi, taswira ce da alamomi, shi ya sa ba ta da nauyi.

Ƴar_Ali_Ɗan_Sofo ta amsa:

Malam, batun Faransanci an riga an hutar da kai. A watan Janairun 2023 Wizards of the Coast, kamfanin da ya mallaki wasan, ta so sauya lasisin da ke ba wasu damar yin kayan wasan, jama'a suka yi ca a kanta, ƙarshe ta saki kundin ƙa'idojin da ake kira SRD 5.1 a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke bai wa kowa damar amfani da shi kyauta. Daga baya aka fitar da shi da Faransanci. Halal ne, ba satar fasaha ba, ka sauke sau ɗaya ka tura wa kowa ta WhatsApp. Shafin AideDD ma da Faransanci yake, ana samun tsafe-tsafe da dodanni a jere.

Amma kar ka ce ban gaya maka ba: duk azuzuwan jarumai 12 suna ciki, sai dai kowane aji reshe ɗaya kawai aka ba shi. Ni shi ya sa muka koma wani wasan irinsa, Pathfinder bugu na biyu, tunda dokokinsa suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys da yardar Paizo, kamfanin da ke yin sa, ga Pathbuilder 2e a wayar Android tana haɗa maka jarumi. Da Ingilishi suke dai, ƙanina ke fassara mana.

Kuma ku duba wace dokar D&D kuke bi, ta 2014 ko ta 2024. Mun taɓa ɓata dare guda cur muna gardama a kan tsafi ɗaya, ashe kowa tasa yake karantawa.

Kawun_Fada ya amsa:

Ƴaƴana, wasan nan tun 1974 ake yin sa da fensir da takarda. Ku kira yaron a waya, ku jingina ta da butar shayi, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Me ya kawo wannan dogon zance?

Mai_Shayin_Zariya ya sake rubutawa:

Kawu, Allah ya ja da rai, mun gwada hakan makon jiya. Sau uku a jere yana ce mana 20 ya jefa. Daga Yamai! Wa ya gani?

Injiniya_227 ya amsa:

Haha, to ku buɗe ɗaki a manhajar hira ta Discord ku sa Avrae, ƴar manhajar da ke jefa ƙwaya a cikin hirar. Wani mai sha'awar wasan ya fara ƙera ta kafin D&D Beyond ta ɗauke ta, jifan ƙwaya dai kyauta ne. Ya rubuta !r 1d20+5, sakamako ya fito gaban kowa. Rubutu ne zalla, ba ya cin forfe.

Mai_Shayin_Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Daren jiya mun gwada: hoton kwali a Owlbear, murya ta WhatsApp, ƙwaya a Discord. Reso ya yanke sau biyu, muka sha shayi na biyu muna jiran sa. Jifansa na farko a gaban shaidu, 3 ya samu, ya ce manhajar ce ba ta son mutanen Yamai. Hajiya Ƴar_Ali_Ɗan_Sofo, kundin Faransancin shafi nawa ne? Ina so in san abin da mai fotokopi zai caje ni kafin in je.