Sauya H4350 da IMR 4350 a harsashin .30-06

Jama'a, ina neman taimako. Ni nake ɗura harsasaina da kaina. Na nemi albarushin H4350 na rasa a kasuwa nan Amurka, IMR 4350 kawai na samu. Lambarsu ɗaya, amma ba albarushi ɗaya ba ne, shi ya sa na koma awon farko na littafin kamfanin albarushi na Hodgdon, ina ƙara rabin giren (ma'aunin nauyi ne ɗan ƙarami) kowane mataki, da kan harsashi mai giren 165.

A mataki na uku sakatar bindigar ta fara cijewa, firamar (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) ta baje, alamar matsi ya yi yawa, alhali ban kusanci awon ƙarshe ba. Nan na dakata.

Kwanson na soja ne, mai kauri, cikinsa bai kai na kasuwa ba. Shi ya ɗaga matsin, ko kan harsashin ne ke taɓa zaren cikin bututun bindigar? Wanne zan fara aunawa?