Wane suna za mu ba rigar da Hurram ta aika wa Sultan Sulaiman?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya ta tsayar mini da aiki, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ina rubutu ne kan Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, sai na iso kan wasu riguna da Turkawa ke kira tılsımlı gömlek. Akwai sama da 80 daga cikinsu a gidan tarihi na fadar Topkapi da ke Santambul.

Bari in kwatanta muku ita. Yawanci farin yadin auduga ne, a sa masa sitaci a goge har ya yi santsi kamar takarda, sannan a bi shi da alƙalami: Fatiha, Yasin, Suratul Fathi, Ayatul Kursiyyu, Asma'ul Husna, sunayen mala'iku, ga hatimai cike da lambobi, da tawada baƙa da ja da shuɗiya da ruwan zinare. A ƙarƙashin sulke ake sa ta, ta manne da jiki. Ba ta wankuwa, don ruwa na taɓa ta rubutun ya tafi.

Da farko na rubuta "rigar layu", sai hannuna ya ƙi. Rigar layu mun san ta, ta mafarauta da mayaƙan da, wadda ake naɗe rubutu a ɗinke cikin fata a jera a jikinta. Waccan kuwa ba a rataya mata komai ba, ita kanta rigar ce layar.

Wani Malam da na tuntuɓa ya ce in rubuta "rigar ɗalasimai", tun da tılsım ɗin Turkanci da ɗalasimai ɗinmu duk daga kalmar Larabci ɗaya suka fito. Allah Ya gafarta Malam, ta fuskar asali ka yi daidai. Sai dai kunnen Bahaushe in ya ji ɗalasimai, boka yake hangowa yana surkulle, alhali abin da ya fi yawa a jikin rigunan nan ayoyi ne. "Rigar asiri" ma ciwonta ke nan. Ban shiga hukuncin sa irin wannan riga ba, wannan fagen malamai ne, amma bai kamata sunan da za mu zaɓa ya riga su yanke hukunci ba.

"Rigar yaƙi" fa? Wannan ta fi kusa, don a ƙasar Hausa ma an yi riguna masu rubutu da hatimai da ake kira haka. Amma ku dubi ta Jem, ɗan Sultan Muhammadu na Biyu wanda ya ci Santambul a 1453. An rubuta a jikinta cewa an fara aikinta ranar 30 ga Maris 1477, aka gama ranar 29 ga Maris 1480. Shekara uku cur ana riga ɗaya, kuma sai da masu duban taurari suka zaɓi sa'ar farawa. Ko wuyanta ba a yanka ba, wato bai taɓa sa ta ba. Yayansa Bayazid ya karɓe gadon sarauta a 1481, shi kuma ya ƙare rayuwarsa a tsare a Turai, ya rasu a Italiya a 1495. Rigar nan ba ta ga fagen fama ba. Wasu kuma don neman waraka daga ciwo aka yi su.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne Hurram. Baiwa ce aka kawo daga yankin da ke cikin Yukuren a yau. Sulaiman ya 'yanta ta, ya aure ta, abin da sarakunan gidansu suka daɗe da dainawa, kuma ya riƙa yi mata waƙoƙi da laƙabin Muhibbi, wato masoyi. In ya fita yaƙi wasiƙu ke haɗa su. A ɗaya daga ciki ta haɗa masa da irin wannan riga, tana roƙonsa ya sa ta. Ku tsaya nan kaɗan. Mace ce mijinta ya yi wata da watanni a bakin daga, ba ta da yadda za ta tare masa kibiya ko harsashi. Me take faɗi da rigar nan in ban da "Allah Ya tsare mini kai"?

To ga kalmar a bakinta: tsari. "Rigar tsari." Ta ɗauki ta yaƙi, ta ɗauki ta majinyaci, ta ɗauki ta Jem da ba a sa ba, kuma ba ta zagi kowa ba.

Wata Hajiya ta ja hankalina cewa a rubuce ana iya ɗaukarsa tsarin ɗinki. Gaskiyarki, Hajiya, amma wannan "riga mai tsari" muke ce masa. Wanda ya san maganin tsari da neman tsari ba zai ɓata ba. Wani kuma ya fi son "taguwar tsari", tun da ta ciki ce, ba babbar riga ba. Na karɓi wannan ga gajerun, sai dai akwai dogaye har ƙasa da gwiwa, don haka riga ta fi tattara su.

Na rubuta "rigar tsari", jam'i "rigunan tsari". Mutanen Damagaram da Katsina da zangon Kumasi, in kakanninku suna da wani suna da suke kiran riga mai rubutu a jiki, don Allah ku kawo shi kafin in miƙa aikin.