"Damisa ƙi sabo": kirari ne ko zagi?

Telan Domayo: Assalamu alaikum jama'a, ku raba ni da wata rigima. Shekara 9 ina sayen kaya wurin wani Alhaji a babbar kasuwar Marwa, nan arewacin Kamaru, ban taɓa cin masa ko dala ba. Jiya na nemi bashin atamfa turmi uku zuwa bayan salla, ya ce ko ɗan cikinsa ba ya ba bashi. Na yi dariya na ce, "Kai Alhaji, damisa ƙi sabo!" Wallahi kirari na yi masa. Sai mutum ya miƙe tsaye, wai a gaban yaransa na kira shi maci amana. Har maƙwabtan rumfa suka taru ana ba da haƙuri. Ni na yi kuskure, ko shi ne bai ji Hausa ba?

Malam na Yelwa: Wa alaikumus salam. Ba ka zage shi ba, ɗana. Sarakuna da alƙalai ake yi wa wannan kirari, mutumin da zama da shi ba ya sa ka raina shi, kuma ba ya karkata hukunci don kun ci tuwo tare. Ko a wa'azin Juma'ar da ta wuce a nan Garwa limaminmu ya kawo shi, yana cewa mai riƙe da dukiyar marayu ya zama damisa.

Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, amma a gidanmu in aka ce wa mutum haka ba yabonsa ake yi ba. Wanda za ka shekara kana yi masa alheri, ran da ka taka shi ya yi kamar bai taɓa ganinka ba, shi ne damisa. Ni da ni ce Alhajin da na ji haushi.

Direban Kusiri: Hajiya kin haɗa biyu. Na cin amana shi ne "sabo da kaza ba ya hana yanka ta". A can an saba ɗin, sannan aka yanka. Ita damisa ai tun farko ba ta yarda an saba ba.

Ɗan Lakwal: To ku tambayi depitenmu, wato ɗan majalisarmu. Lokacin zaɓe kyanwar Lami ne, ba cizo ba yaƙushi, yana zagaya unguwa da sabulu da shinkafa. Ana gama ƙirga ƙuri'a ya hau dutse ya koma damisa.

Direban Kusiri: Kar ka ɓata wa damisa suna. Ita in ta ƙoshi tana barin sauran.

Uwar Biyu: Ku tsaya in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta, don ita ta yi ido biyu da abin, mu kuwa a baki muke jin sa. Zamanin Ahijo, shugaban Kamaru na farko, aka kai ta aure wani ƙauye a gindin duwatsun Mandara, can wajen Mora. Kakanmu mahauci ne. Da rani ruwa yakan ƙafe sai wani gurbi a tsakanin duwatsu, nan mata suke zuwa ɗiba da sassafe. Ta ce akwai damisar da take kwanciya a kan wani falalen dutse sama da gurbin, ta sako wutsiya ƙasa tana kaɗa ƙarshenta kawai. Ranar farko da ta gan ta, tulun ma a can ta bar shi. Matan garin suka yi ta yi mata dariya, suka ce ai maƙwabciya ce. Haka suke kiranta, Maƙwabciya, don ba a ambaton sunanta da safe. Rani shida suna haka. Har gaishe ta suke yi, "Maƙwabciya an tashi lafiya?" Ita kuwa ko kallon kirki ba ta yi musu.

Telan Domayo: Kamar Alhajina ke nan.

Uwar Biyu: Bari mana ƙanena. Wata shekara kaka ta sayi ɗan akuya tana kiwo don sunan ɗanta na uku. Saboda ɓarayi take ɗaure shi a ƙofar ɗakinta, ta zura igiyar ta ƙarƙashin asabari ta ɗaura a ƙafar gado. Cikin dare sai ta ji gado ya motsa. Ta ce ba kuka, ba haushin kare, gadon kawai ake ja da ita a kai. Ta tabbata wani yaron maƙwabta ne da ta daɗe tana zargi. Ta kama igiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta lalubo muciya, tana ja ana ja, tana zagi: "Ɗan asara, na gane ka, gobe sai gaban lawan!" Ta ɗaga asabari ta kai duka cikin duhu, muciya ta sauka a kan wani abu mai laushi. Sai ta ji wari, sannan ta ji wannan gurnani kamar ana yanka katako da zarto, dab da gwiwarta. Ta ce ba ta san lokacin da ta saki igiyar ba, kuma ba ta yi ihu ba, muryar ce ta tafi. Ta zauna a ƙasa rungume da muciya har aka kira assalatu.

Malam na Yelwa: La haula wa la ƙuwwata illa billah.

Uwar Biyu: Da gari ya waye ga igiya a tsinke, ga sawu a tsakar gida. Maza suka bi jini har wata tsamiya a bayan gari, suka ɗaga kai, ga ɗan akuya a rataye a reshe an cinye cinya ɗaya. Kwana uku kaka ba ta je gurbi ba. Ran na huɗu ta je, ga Maƙwabciya a kan dutsenta tana kaɗa wutsiya kamar ba ita ba. Matan suka ce ta ci amana. Kaka ta ce wace amana, yaushe ta taɓa amsa gaisuwarmu? Mu ne muka saba da ita. Amma fa daga ranar kishiyarta ta samu sabon suna, har suka tsufa Maƙwabciya take ce mata.

Direban Kusiri: Hajiya, labarin kakarki ya kayar da ke. Kin ce zagi ne, ita ta wanke damisa.

Uwar Biyu: Ta wanke ta, sannan ta liƙa wa kishiya sunan. Kai a ganinka yabon kishiyar take yi?

Tsohon Jagora: Na yi shekaru ina raka baƙi a gandun dajin Bubanjida da na Binuwai, kuma duk abin da kakar nan ta faɗa haka yake. Sawun damisa ba ya nuna farce, tana janye su ciki in tana tafiya. In ka ga farce a sawu, galibi kura ce ko kare. Hawa bishiya da nama kuwa don kura da zaki take yi. Zaki zai kwanta a inuwa mota ta tsaya kusa da shi ana ɗaukar hoto, ya yi hamma. Damisa sai ka yi wata guda kana taka sawunta kowace safiya ba ka ga jikinta ba, alhali ita ta gan ka. Ni nan nake ganin asalin maganar.

Direban Kusiri: Zakin ma ina yake yanzu? Da can in ka bi hanyar Marwa zuwa Kusiri da asuba, daidai dajin Waza sai ka rage gudu saboda namun daji. Sau ɗaya na ga zakanya a gefen kwalta, fitila ta haske idonta, yaron motata ya shige ƙarƙashin kujera yana salati. Yanzu ramuka kaɗai ke sa ka rage gudu.

Tsohon Jagora: Waza ta ga ta kanta. A 1968 aka mai da ita gandun ƙasa. Da aka gina madatsar Maga a 1979 ambaliyar kogin Logon ta daina shiga fadamar kamar da, ciyawa ta ragu, namun da zaki ke ci suka ragu, ya koma kan shanu. Makiyayin da aka kashe wa saniya kuma ba takarda zai rubuta ba, guba zai sa a mushen. Tun da aka sace wani iyali na Faransawa kusa da garin Dabanga a 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagora da yawa suka koma acaɓa.

Ɗan Lakwal: Zakuna sun kusa ƙarewa a daji, saura na filin ƙwallo, wato 'yan wasan Kamaru, da wani tsoho guda da ba ya farauta kuma ba ya barin inuwa.

Malam na Yelwa: Ɗana, a bar wannan. Akwai masu iyali a zauren nan.

Ɗan Njamena: Ku zo gandun dajin Zakuma ku ga zaki, tun 2010 da aka gyara tsaron wurin dabbobi suke ƙaruwa. Mu a Cadi ma a tambarin ƙasa akuya ce da zaki suke riƙe da garkuwa ɗaya, shekara da shekaru ba wanda ya ci wani.

Uwar Biyu: Don a takarda suke. A ɗaure akuyar a ƙofar ɗaki a gani.

Malam na Yelwa: Mu koma kan tambayar. Ni dai har yanzu ina kan cewa kirari ne. Sai dai kirari ma yana da lokaci. Wanda ya hana ka abu, ka yi masa kirari a gaban yaransa kana dariya, ko "manyan dawa" ka ce masa zai ji kamar habaici.

Direban Kusiri: Ko kuma Alhajin saɓo ya ji, ba sabo ba. In haka ne ai har aljanna ka ba shi.

Telan Domayo: Yau da safe na bi ta rumfarsa na yi sallama. Yana kan buhun yadi yana jan carbi, ya dube ni ya kau da kai. Yaronsa ne ya biyo ni a guje, wai Alhaji ya ce in da kuɗi a hannu akwai sabuwar atamfa ta iso daga Kwatano.

Uwar Biyu: Wace kala? In akwai mai ruwan goro ka tambayo min turmi nawa ne.