Fadar ƴan sigari a ƙarƙashin tagata: in tashi ko in kai ƙara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ba ni amsa. Muna haya a unguwar Bukoki a Yamai, ɗaki da falo, jika 30 na sefa a wata. Tagar ɗakin kwananmu titi take kallo, kuma daidai ƙarƙashinta ƙanen maƙwabcinmu ya kafa fada da abokansa. Daga an sallame isha'i sai shayi, sigari, shisha, har biyun dare. Zafin Afrilu kun san shi, ga kuran yana tafiya. In na rufe taga yara su jiƙe sharkaf da zufa, in na buɗe hayaƙi ya cika ɗaki, kuma ƙaramar tana da asma. Na yi musu magana da lalama, na gaya wa yayansa, na gaya wa mai gidan hayar, ya ce titi ba nasa ba ne. Maigidana direba ne a hanyar Agadas, sai ya yi makonni bai kwana gida ba.

Ni kaina na canza. Da na ji ana jan benci da magariba sai gabana ya faɗi. Ko daren da ba su zo ba ba na runtsawa, kunnena yana waje. Da safe in tashi da ciwon kai, in yi ta yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in shige bayi in yi kuka. An samo mini ɗaki a Kwara Tegi jika 20, amma ya yi nesa da lakwal ɗin yara da Katako inda nake ɗan kasuwancina. In tashi, ko in kai ƙara wurin mai unguwa ko kwamisariya?

Ɗan Wadata:
Ki riƙa rufe taga ki kunna fanka, shi ke nan.

Hajiya Babba:
Ɗiyata, wannan ba maganar mace ba ce. Ki sa mijinki ya fita ya same su.

Maman Biyu:
Yaya, fankar da wace wuta? Hajiya, na ce yana kan hanya. Da ya dawo ya yi magana suka ce to Baba, suka yi kwana biyu suka koma.

Uwar Marayu:
Ƙanwata, kar ki kai ƙarar kowa, ni na ɗanɗana. A Talaje muke lokacin, gida mai ƙofa takwas, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Mai busa mana hayaƙin ɗan mai gidan ne. Shi ba ma a titi yake zama ba, a tsakar gida inda muke shimfiɗa tabarma da zafi. Mahaifiyata tana wurina, tsohuwa mai ciwon ƙirji, sai ta kwana zaune ta jingina da bango tana jan numfashi. Da safe in share guntayen sigari a bakin randarmu. Na haƙura har na gaji, na je wurin mai unguwa. Aka kira mu, yaron ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, kowa ya ce Alhamdulillahi.

Wata bai cika ba aka ƙara mini kuɗin haya, ni kaɗai a gidan. Matan gidan suka daina amsa gaisuwata, wai na tona asirin ɗan mutane. In na shanya kaya in tarar da su a ƙasa. Aka yi suna a ƙofar da ke kallon tawa, ko goro ba a miƙo mini ba. Na rame, na daina cin abinci, in na dawo daga kasuwa sai in tsaya a kwanar layi ina jin kamar kar in shiga. Tsakiyar damina mai gidan ya ce zai gyara ɗakin, in fita. Kosiyon wata biyu da na ajiye, wato kuɗin ajiya na haya, ya ce ya tafi a fenti. Muka ɗora kaya a amalanke cikin taɓo. Tsohuwa ta rasu bayan nan, ban ce su suka kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, amma har yau in na ji warin sigari sai jikina ya ɗauki rawa.

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kun ji abin da nake gudu.

Ɗan Wadata:
Amin. Amma Yaya kosiyon nan bai kamata ki bar masa ba. Kina da takardar da ya sa hannu?

Uwar Marayu:
Wace takarda? Hannu da hannu na ba shi, dillali ne shaida, shi kuma dillalin abokinsa ne.

Mai Kabu-kabu:
Ni abin da ya tsaya mini, ɗaki da falo jika 30 a Bukoki? Ƙanena jika 45 yake biya, kuma bayi na tarayya ne.

Ƴar Lazare:
An cuci ƙanenka. Ƙawata 25 take biya da kantar wutarta daban. Kuma na Kwara Tegin ma 20 ya yi yawa, ana samu 15.

Mai Kabu-kabu:
15 a wace shekara? Ki haɗa da abansi wata uku, kosiyo, ladan dillali wata guda, da kuɗin taksi kullum zuwa Katako, ki ga in ba ta fi 30 ɗin ba. Gara ta sayi imidifikate, na'urar sanyaya iska da ruwa, jika 60 a Babbar Kasuwa.

Ƴar Lazare:
60? Nawa 110 na saya. Kuma in ka ajiye shi bakin taga iskar waje yake jawowa, hayaƙin zai tura mata ciki da sanyinsa.

Majo:
Aikin jinya nake yi, bari in ce wani abu. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga ciki suna jawo kansa, kuma babu wani ɗan kaɗan da za a ce ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 1 ke mutuwa duk shekara da hayaƙin da wasu suka busa. Ruwan shisha ba ya raba hayaƙin da gubarsa, garwashinta ma ƙara guba yake yi. Yaro mai asma kuwa wannan ne ke tayar masa da ciwon, kar maganin shaƙarta ya yi nisa da ke da dare. Kar kuma ki rufe warin da turaren wuta, hayaƙi ne a kan hayaƙi. Faɗuwar gaba da kuka da rashin barcin da kika faɗa, ki gaya wa likita su ma, kar ki tsaya kan tarin yarinya kawai. Kafin ki yanke shawara, ku koma kwana a falo, ki toshe ƙasan ƙofar ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma.

Malam na Zango:
Kafin likita akwai haƙƙin maƙwabtaka. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rantse cewa wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarsa ba bai yi imani ba. A samu limamin layin ya kira yayan yaron. Ke kuma ki riƙe azkar, waswasi ne ke damunki.

Majo:
Malam, liman na yarda. Amma mai watanni ba ta barci ba a ce mata waswasi a wuce.

Ba'adare:
Ku duka ba ku san fada ba. Ni na sha taba shekaru kahin in bari. Yaran ga in anka kai su ƙara sun zama abokan gaba ke nan. Kowace fada da shugabanta, shi za a samu a gehe, a kai mishi sukari da ganyen shayi, a roƙe shi su matsa da benci gindin wata itaciya. Haka munka yi a Tawa, anka zauna lahiya.

Uwar Marayu:
Wato su cuce ta kuma ta saya musu sukari? Mai shan taba ne zai ba mu shawara?

Ba'adare:
Wanda ya bari, Hajiya. Mi kika samu da taki ƙarar?

Bagobiri:
Ku bincika da kyau, na rantse Bazabarme ne shugaban fadar nan. Ki dafa dambun kopto ki ajiye a ƙarshen layi, da kansu za su kwashe bencin.

Ɗan Harobanda:
Bawana, kai da kakanka ke tauna taba da kanwa yana tofarwa a bangon mutane? Yi mana shiru.

Ɗalibin Shari'a:
Doka tana nan fa. Dokar Nijar mai lamba 2006-12 ta 15 ga Mayu 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki da motocin haya. Mali ma ta haramta shisha gaba ɗaya a 2022. Ki tuntuɓi ƙungiyar yaƙi da shan taba ta SOS Tabagisme, aikinsu ke nan.

Mai Kabu-kabu:
Ɗalibi, gindin tagar mutum wurin taruwar jama'a ne ko ba shi ba ne? Ka taɓa ganin an kama wani a tasha don ya kunna sigari?

Maman Biyu:
Na gode duka. Majo, mun koma falo jiya, yarinya ta ɗan yi barci, ni dai idona biyu. Har yanzu ba wanda ya ce mini in tashi ko in zauna, dillalin ɗakin Kwara Tegi kuma ya ce zuwa Juma'a zai ba wani.

Ƴar Lazare:
Ke naki ma sigari ne. Mu maƙwabciyarmu duk magariba take cinna wa shara wuta, leda da tsofaffin takalma da famfas ɗin yara, a jikin katangarmu. Mai shagon gaba kuma in kuran ya tafi sai ya tada gurup, bututun yana kallon ƙofarmu.

Ɗan Wadata:
Laifin mai amalanken shara ne, a biya shi jika 2 a wata ya yi sati bai leƙo ba.

Ƴar Lazare:
Jika 2? Mu 3 yake karɓa, kuma a kwalbatin bayan gidanmu yake juyewa. Da ruwan farko ya sauka duk a ƙofar gida za mu gan ta.

Mai Kabu-kabu:
Wane layi ne a Lazare? In na bayan kasuwa ne, ni ma nan tayata ta faɗa bara.