Masu dafa shayi na Yamai, yaya kuke yin naku?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum ƴan'uwa. Tunda mai dafa mana ya tafi Agadas, ni aka damƙa wa buta a fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira. Ina son shayi mai ƙarfi, amma ba mai ɗacin da ke kama maƙogwaro ba, kumfarsa kuma ta tsaya. Don Allah kowa ya faɗa mini yadda hannunsa ya saba.

Tela a Wadata: Wa alaikumus salam. Fara da wanke ganyen. Koren shayin nan daga Sin ake kawo shi, ko 4011 ka gani a kwali ko 41022, ba ya rasa ƙura. Zuba masa ruwan zafi kaɗan, ka girgiza buta, ka tsiyaye, sannan ka sa ruwan dahuwa. Rabin ɗacin nan a wannan ruwa yake tafiya.

Baba na Tawa: Ɗana, maganar wuta ce. Kada ka ɗora buta gawayi yana tartsatsi. Bari ya zama garwashi, toka ta fara rufe shi, sai ka zaunar da buta a tsakiya ta riƙa tafasa a hankali har ka ji murfin yana rawa. Shayin dahuwar farko, wato na farko, ba ya son gaggawa. Wanda ya matsa masa da mafici, ƙona ganyen yake yi. Sai ruwa. A Tawa akwai rijiyoyin da ruwansu ke da nauyi, shayin ya fito a dushe. Na famfon Yamai daga kogi yake, ya fi sauƙi, amma in ka ji warin maganin da ake sa masa, bar shi ya kwana a randa.

Hajiya daga Yantala: Baba, a gafarce ni, ni da gas nake yi, wuta can ƙasa, kuma maigida bai taɓa mayar da finjali ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a dafa na'a-na'a tare da ganye. Baƙi take yi, ƙamshin ya gudu. A na biyu nake sa ta, dab da saukewa. In hunturu ya shigo, na uku ya samu citta da kanumfari.

Tela a Wadata: Batun kumfa kuwa, sai sukari ya narke take kamawa. Ɗaga hannu sama, ka riƙa juyawa daga finjali zuwa finjali har kumfar ta kai rabi. Mayar da shayin buta, ka bar kumfar a finjalan, ka ɗauraye bayan finjalan don kada su yi danƙo a hannun baƙo. In ya sake zafi sai ka zuba.

Hajiya daga Yantala: Gaskiya ne. Surukata na da ciwon sukari, nakan ɗebe mata nata kafin in sa, kuma nata ba ya kumfa kamar namu.

Maigadi a Harobanda: Ni na farko nake so, shi ke riƙe mini ido har asuba. Amma ƙanena, kada ka ba wanda bai ci komai ba, jiri yake sawa. A asibiti ma an ce wa matata, lokacin tana da ciki, ta bar tazara tsakanin abinci da shayi, don yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke ɗauka daga abinci, ita kuwa jininta ya yi ƙasa.

Ɗan Bukoki: Allah ya saka da alheri. Baba, cikin butar ya yi baƙi ƙirin, in sa mata sabulu?

Baba na Tawa: A'a. Ƙamshin sabulu sai ya bi shayinka kwana da kwanaki. Zubar da ganyen tun a daren, ka ɗauraye da ruwan zafi, ka kife ta a buɗe ta bushe.